Keken Daji a Kewayen Yamai: Turbar da Ke da Masu Ita

Keken daji, wanda mutanen Yamai suka fi kira VTT bisa taƙaitaccen sunansa na Faransanci, keke ne da aka ƙera don hanyar da ba ta da kwalta. Tayarsa mai kauri ce mai haƙora, giyarsa na da yawa don hawan tudu, birkinsa na kamawa sosai a gangare, kuma galibi akwai abin shanye girgiza a ƙafar gaba. Wasan hawansa ya samo asali ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka cikin shekarun 1970, inda wasu samari suka riƙa gangarowa daga dutsen Tamalpais a kan tsofaffin kekunan da suka yi wa kwaskwarima. A 1981 aka fara ƙera irinsa da yawa don kasuwa, a 1996 kuma ya shiga wasannin Olamfik a birnin Atlanta.

A Yamai, Turawa ma'aikatan ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyin agaji ne suka fara yin fice da hawansa don motsa jiki. Daga baya kekunan gwanjo da ke shigowa ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome suka sa ya kai hannun ɗalibai da ƙananan ma'aikata. Yau ba abin mamaki ba ne a ga samari da hular kwano da gorar ruwa suna ƙetare gadar Kennedy da sanyin safiyar Asabar ko Lahadi. Sai dai tun kafin a san wannan wasa, mai itace da mai nono da mai kai kayan lambu kasuwa suna bin waɗannan turbobi a kan baƙin keke mai giya ɗaya, da kayan da suka fi mahayin nauyi. Su ne gwanayen hanyar na asali, kuma duk maganar keken daji da ta manta da su ta fara da kuskure.

Ƙasar da ke kewaye da birnin kamar don wannan keke aka shimfiɗa ta. Babu dogayen duwatsu irin na Ayar, amma akwai tuddai masu shafaffen kai na jar marmara, waɗanda ruwan dubban shekaru ya yanka ya bar su tsaitsaye. A samansu fako ne da tsakuwa, da sabara da geza jefi-jefi. A gefensu gangare ne mai kaifi. A ƙasa kuwa koramu ne busassu cike da rairayi, masu kwarara zuwa kogin Isa, wato Kwara, idan damina ta sauka. Cikin tafiyar sa'a guda mahayi zai taka iri uku na ƙasa: fakon da taya ke gudu a kai kamar siminti, tsakuwar da ke zamewa ƙarƙashin birki, da rairayin da ke riƙe ƙafar gaba har sai mutum ya sauka ya tura.

Wurin da aka fi zuwa shi ne duwatsun nan uku na hayin kogi, bayan Harobanda, da ake kira Trois Sœurs, wato 'yan'uwa mata uku. Daga kansu ana ganin kogin ya miƙe, ana ganin gonakin shinkafa a bakinsa, da gadojin birnin: ta Kennedy ta 1970, ta abotar Sin da Nijar ta 2011, da ta Janar Seyni Kountché ta 2021. Akwai wani abin lura a nan ga mai jin Hausa. A harshen mutanen kogi, gaɓar hagu sunanta Hausa, ta dama kuma Gurma, saboda haka wanda ya haye gadar ya bar "Hausa" ke nan ko da bai taɓa taka Katsina ba.

Wanda ya bi gaɓar hagu ya yi sama, bayan kamar kilomita 25 zai isa Bubon, garin mata masu ginin tukwane, inda kasuwa ke ci ranar Laraba, jiragen ruwa suna sauke kaya da dabbobi daga ƙetare. Gaba kaɗan sai Karma. A farkon 1906 mutanen wannan gari, ƙarƙashin Umaru Karma, suka yi wa mulkin Faransa bore. A daidai lokacin ne kuma wani malami makaho, Alfa Shaibu, ya tayar da nasa a Kobkitanda ta yankin Doso, ya tsere zuwa Satiru kusa da Sakkwato, inda a watan Fabrairun 1906 aka gwabza da sojojin Ingila. Labari ɗaya ne da ya ratsa iyakar da Turawa ke kan shatawa, kuma wani sashe nasa yana nan inda keke zai kai mutum ya dawo kafin azahar.

Ta kudu, a gaɓar dama, kamar kilomita 55 daga Yamai, akwai Sayi. Alfa Mahaman Jobbo ya mai da shi cibiyar karatu a farkon ƙarni na 19, garin ya yi hulɗa ta kusa da Gwandu, ya kuma zama mashigin fatake masu ƙetare kogi. Ta nan Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya haye a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu. A 1986 Jami'ar Musulunci ta Nijar ta buɗe a garin. Lokacin da Sayi ke tashe, Yamai ƙauyuka ne na bakin ruwa. Sai a 1926 aka maido hedkwatar mulki nan daga Damagaram.

Abin takaici shi ne yadda akasarin mahaya ke ratsa waɗannan wurare ido rufe. Salon da aka aro daga waje ya ɗora wasan kan lissafi: kilomita nawa aka ci, cikin minti nawa, wane hoto za a ɗora a Facebook. Wayar da ke maƙale a kan keken ta san tsawon tudun da aka hau, ba ta san kufan wa aka taka ba. Alhali falalar keke a irin wannan ƙasa ita ce saurinsa daidai wa daida. Mota na wuce ƙauye kafin a ga fuskar kowa, ƙafa kuma ba ta kai mutum nesa cikin wannan rana. Keke na kai mutum Karma, kuma tsayawa da shi ba ta buƙatar komai sai a sauke ƙafa ɗaya a yi sallama. A kan tuddan yankin har yau ana cin karo da baƙaƙen dunƙulen kashin tama, ragowar murahun maƙeran da suka narka ƙarfe ɗaruruwan shekaru da suka shuɗe. Wanda bai sani ba zai ɗauka dutse ne da ya kusa fasa masa taya.

Matsala ta biyu ta fi wannan nauyi. A Turai da Amurka ana sare hanyar keken daji musamman, a kafa mata alamu. A nan kowace turba da mai ita. Wata burtali ce ta shanu tsakanin gonaki, wata hanyar mata ce zuwa rijiya, wata ta bi ta gefen maƙabarta da babu katanga, sai 'yan duwatsu da aka jera. Ayarin samari goma da suka gangaro a guje kan jakin da ke ɗauke da jarkokin ruwa sun yi ɓarna ko ba su taɓa shi ba. Haka wanda ya yanke ta cikin gero a watan Yuli don ya rage hanya. Ladabin da ya kamata wasan ya ɗauka ba sabo ba ne: a rage gudu a bakin gari, a gai da dattawan da ke gindin bishiya, a nemi izinin maigari kafin a hau wurin da mutane ke girmamawa, kada a ɗauki hoton mace ba da yardarta ba.

Sannan kada a tsinci komai a sa aljihu. Darasin kufan Bura ya isa. An gano wurin a 1975 a yankin Tera, masanin tarihi Boubé Gado ya jagoranci haƙarsa a 1983, aka sami tukwanen binne mamata da mutum-mutumin yumɓu masu ban mamaki. Da labari ya bazu, sai masu haƙar sata suka afka wa wuraren, kayan suka ƙare a hannun dillalan Turai, har aka sa su cikin jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗari. Ɓallin tukunya guda da mahayi ya ɗauka don tunawa ƙaramin abu ne, amma yana koya wa yaron da ke kallo cewa abin yana da mai saye. Mazaunin irin waɗannan kaya shi ne inda aka same su, ko gidan tarihi na Boubou Hama.

Rashin tsaro ya rage faɗin filin ƙwarai. A ƙarshen 2018 aka sa Sayi da Torodi da Tera cikin dokar ta-ɓaci. Ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe mutum takwas, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, a Kure, wurin raƙuman dawan da suka rage a Afirka ta Yamma, kamar kilomita 60 daga birnin. Gandun dajin W, da ke cikin jerin UNESCO tun 1996, ya fita daga lissafin masu yawo. Babu hawan keken da ya kai ran mutum, kuma duk tafiyar da ta wuce gefen gari tana buƙatar jin ta bakin hukuma da na mutanen wurin a ranar, ba labarin makon jiya ba. Wannan hali ya janye baƙi, ya bar wasan a hannun 'yan ƙasa, su ne za su tsara abin da zai zama.

Ruwanda ta nuna abin da ke yiwuwa. A 2011 ta buɗe hanyar Congo Nile mai kilomita 227 a gefen tafkin Kivu, ƙauyawa suna samun kuɗin masauki da na jagora, a 2012 kuma ɗanta Adrien Niyonshuti ya yi tseren keken daji a Olamfik na Landan. Yamai ba ta buƙatar fara da babban abu haka. Gajerun zagaye kaɗan kusa da gari sun isa, waɗanda aka shata da yardar masu gari, kowanne da saurayi ɗan wurin a gaba, wanda ya san wace korama ke cin taya, ya kuma ji tarihi daga bakin kakansa. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Abdou Moumouni, da ke Harobanda ɗin kanta, za su iya rubuta abin da ke kan kowace hanya da Hausa da Zabarmanci.

Lokacin hawa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a fita bayan asuba, a rufe hanci in hunturu ya taso da ƙura. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, fita bayan hantsi ganganci ne. Da damina korama kan cika cikin ɗan lokaci da ruwan da aka yi a nesa, ko da sama tana garau a inda mutum yake. Babban abokin gaba a kowane lokaci shi ne ƙaya, ta tsidau da ta aduwa, don haka famfo da kayan faci na gaba da komai a jaka. Keken da kayan gyaransa sai an yi odarsu daga Turai bai dace da nan ba. Wanda mai facin bakin kasuwar Bubon zai iya kwancewa ya ɗaura ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.