Jinjina ga Masu Girkin Dare na Bankok

Da rana ta faɗi a Bankok, babban birnin Tailan, sai titin Yaowarat ya turnuƙe da hayaƙin gawayi. Na fi sara wa matan da ke kirɓa som tam a turmi: ɗanyar gwanda, barkono, tafarnuwa, lemon tsami da romon kifi mai gishiri. Su ɗanɗana, su ƙara abin da ya gaza, kafin ka laluba aljihu an miƙo maka. A wata unguwar, Jay Fai, mai soya ƙwai da ƙaguwa sanye da tabaran kare ido, ta samu tauraron Michelin, lambar yabo ta gidajen abinci, a 2017.

Musulmi dai ya yi tambaya, don naman alade ya yawaita. Masu khao mok gai, dafa-dukan shinkafa da kaza, galibi Musulmi ne.