Cooper Black: harafi mai ƙiba da fara'a, amma ba ƙugiya

Duk wanda ke lura da allunan shaguna da takardun gayyata da ake liƙawa a bango, daga Yamai har Damagaram, ya sha cin karo da wani zubin rubutu mai kauri, mai kumatu, wanda ba shi da kusurwa mai kaifi ko ɗaya, kamar an mulmula shi da ƙullun alkama. Sunansa Cooper Black, kuma ya haura shekara ɗari a duniya.

Wanda ya zana shi, Oswald Cooper (1879–1940), mai rubuta tallace-tallace ne da hannu a birnin Shikago na Amurka, kuma ɗalibin Frederic Goudy. A 1922 kamfanin Barnhart Brothers & Spindler ya zuba haruffan da dalma ya sayar wa maɗaba'u. Kasuwarsu ta buɗe ƙwarai, har shi kansa Goudy ya fito da kishiyarsu, Goudy Heavyface, a 1925. Daga baya suka hau bangon faifan Pet Sounds na mawaƙan Beach Boys a 1966, kuma kamfanin jiragen sama na easyJet, wanda aka kafa a 1995, da su ya rubuta sunansa a jikin jiragensa.

Me ya sa ya daɗe haka? Sirrin yana ga hannun mai zanen. Harafi mai nauyi yakan yi wa ido tsawa. Haka Impact na 1965 yake, tsaye ƙiƙam, a matse, kamar dogari a ƙofar fada. Cooper kuwa ya ba nasa nauyi, sa'an nan ya cire masa fushi. Ƴan ƙafafun da ke ƙarshen kowane harafi ya dunƙule su. Farin da ke cikin O ya kishingiɗar da shi baya kaɗan, ɗigon i ma bai zama cikakken da'ira ba. Waɗannan ƙananan karkace-karkace su ke sa kalma ta yi kamar tana murmushi, kuma ana iya karanta ta daga ƙetaren hanya ko da tawada ta ɗan malala. Ga mutanen da idonsu ya saba da kaurin alƙalamin alarammomi a kan allo, wannan cika ba baƙon abu ba ne.

Sai dai fara'a tana da muhallinta. Harafin ya dace da sunan gidan abinci, da sanarwar wasan kwaikwayo ko kokowa, da bangon littafin yara. Idan aka jera shi layi goma sai ido ya gaji, domin farin da ke tsakanin baƙaƙen ya yi kaɗan. Idan kuma aka rubuta sanarwar rasuwa da shi, kamar yadda akan gani wani lokaci, to, an shiga gidan makoki da kalangu.

Babbar matsalar da ta shafe mu, malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, ita ce ta ƙugiya. Cooper ya yi aikinsa ne don Ingilishi. Zubin da ya zo mana cikin kwamfutoci tare da manhajojin ofis ya san é da ç na Faransanci, amma bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Mai buga takarda yana da mafita biyu, duk marasa daɗi. Ko dai na'ura ta aro masa siririn ƙ daga wani zubi ta cusa a tsakiyar ƙattan haruffa, kamar ramammen ɗan akuya cikin garken bijimai, ko kuma ya yar da ƙugiyar gaba ɗaya. Nan ne “baƙi” ke komawa “baki”, “ƙafa” ta koma “kafa”, “ɗaki” ya koma “daki”. Babba zai gane daga ma'anar jimla. Yaron da malaminsa ya sha wahala yana koya masa bambancin k da ƙ kuwa, allon bakin titi yana rushe masa darasin safe da manyan baƙaƙe. A mujalla mai harsuna biyu abin ya fi ciwo: kanun Faransanci ya fito da cikakkiyar kwalliyarsa, na Hausa ya fito gurgu a gefensa.

Ba a ce fasaha ta gaza ba. Tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 ake daidaita rubutun boko, Nijar kuma ta tsayar da ƙa'idarta a 1999. Tsarin Unicode ya ba kowane ɗaya daga cikin haruffan nan lambarsa, kuma zubi irin su Andika da Charis na SIL, da Noto na Google, suna ɗauke da su kyauta. Amma yawancinsu an yi su ne don karatu mai tsawo. Natsattsu ne, ba ƴan wasa ba. Giɓin yana wajen haruffan ado.

Kuma aikin ba liƙa wutsiya ba ne kawai. A harafi mai ƙiba irin wannan, ƙugiyar ɓ tana bukatar kauri daidai da sandarta, ga shi wurin da za ta lanƙwasa kaɗan ne. In ta yi siriri ta ɓace, in ta yi kauri ta haɗe da cikin harafin. Masu rubuta alluna da buroshi da masu yi wa manyan motoci ado suna da hannun da zai iya warware wannan a jikin katako da ƙarfe. Ƙungiyar da za ta shirya gasar zanen haruffa, daga wajensu ya kamata ta fara, ta nemi kowa ya rubuta mata “ƙoƙon ƴaƴan ɓaure” da manya da ƙananan baƙaƙe.