Zomon da ba a ci ba: karamcin Larabawa a littafin Thesiger

Marubutan Turai da yawa sun yabi karamcin Larabawa, amma akasarinsu daga shimfiɗar baƙo suka yi yabon, ciki cike. Wilfred Thesiger, Baturen Ingila da aka haifa a Adis Ababa a 1910, ya bambanta da su a wuri guda: ya zauna cikin masu bayarwa, ya ɗanɗani abin da kyauta ke ci wa mai ita. Littafinsa Arabian Sands ya fito a 1959, masu karatun Faransanci kuwa sun san shi da sunan Le Désert des déserts. Labarin tafiye-tafiyensa ne a kudancin ƙasar Larabawa tsakanin 1945 da 1950, inda ya ƙetara hamadar Rub'ul Hali sau biyu bisa raƙumi. Binciken wuraren da fara ke hayayyafa ne ya fara kai shi can.

Wurin da littafin ya fi ƙarfi ɗan ƙarami ne. Ayarin ya yi makonni bai ga nama ba, sai aka kama zomo. Ana cikin dafuwa, kowa ya zuba wa tukunya ido, sai ga baƙi uku sun ɓullo. Aka yi musu maraba, aka ba su gahawa, sa'an nan Bin Kabina, saurayin ƙabilar Rashid da ke rakiyar marubucin, ya ajiye musu naman duka. Thesiger bai ɓoye ba cewa bakinsa na marhabin, zuciyarsa na ƙuna. Wannan gaskiyar ita ta ceci shafin daga zama kirari. Mai karatu ya gane cewa a inda rijiya ke da nisan kwanaki, ciyar da baƙo doka ce ta tsira, domin mai masauki na yau shi ne matafiyin gobe. Haka kuma labarin tsohon nan mai tsumma, wanda dā mai dukiya ne, ya yanke raƙumansa ɗaya bayan ɗaya saboda baƙi har ya tsiyace, samari kuwa suna kallonsa da sha'awa, ba da tausayi ba.

Sai dai akwai inda alƙalamin ya karkace. Thesiger ya ƙaunaci karamcin har ya ƙaunaci talaucin da ya sa shi tsada. Ya yi baƙin ciki da zuwan man fetur da mota, yana ganin za su ɓata mutanen. To, wa aka tambaya? Shi yunwarsa ta zaɓi ce, ranar da ya ga dama yana iya komawa Landan. Bin Kabina ba shi da wata Landan. Malamin da ya taɓa koyarwa a ƙauye lokacin fari ya san cewa mai kallon wahala daga nesa ne kawai ke ganin kyanta.

Mata ma kusan babu su a littafin. Tafiya ce ta maza, girkin hanya na maza, saboda haka rabin gidan da ke karɓar baƙo ya rage a bayan labule. Wanda zai karanta shi da ɗalibai, ya kamata ya tsaya a shafin zomon, ya tambaye su wane ne ya kwana da yunwa a daren nan, wane ne kuma ya samu damar rubuta labarin.