Garkuwa Kafin Mashi

A unguwar Zongo ta Parakou, haka ma a Djougou, tsohon zangon fataken goro a kan hanyar Gwanja, samari kan taru da yamma a shagon PlayStation. Ƙwallo ce ta fi kasuwa, amma idan aka sa Tekken ko Mortal Kombat sai wuri ya kaure. Abin da yaran suka fi haddacewa shi ne kombo, wato dukan da ake jerawa bi da bi, abokin karawa yana sama bai ko taɓa ƙasa ba. Shi ke sa 'yan kallo ihu, kuma wanda ya biya kuɗin wasa ɗaya yana son a yi masa ihun nan kafin layi ya wuce shi.

Sai dai kombo ba ya tashi sai bugun farko ya shiga. Wasan gaba ɗaya yana cikin abin da ake yi kafin wannan bugun: tazarar da ka bari tsakaninku, ja da baya har hannunsa ya daki iska, tarewa, da sanin dukan da in ka tare shi yake barin mai shi a buɗe. A Street Fighter II na 1991 ma ba da niyya aka ƙirƙiri kombo ba, masu haɗa wasan a Capcom tsintarsa suka yi, suka bar shi.

Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe bai buƙatar dogon bayani. Tun zamanin Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, hannu ɗaya ɗan dambe yake ɗaurewa. Ɗayan a buɗe yake, a miƙe, da shi yake auna tazara, da shi yake kare fuska. Sai a cinye turmi guda ana zagaye, ana kallon-kallo, sannan naushi ɗaya tak ya kai mutum ƙasa, a ce an yi kisa. Masana dambe ƙafa suke kallo tun kafin a kai hannu.

Da wannan haƙurin Arslan Ash, ɗan Lahore a Pakistan, ya girgiza duniyar Tekken a 2019. Ya ci gasar EVO ta Japan, ya zo Las Vegas ya doke Knee na Koriya ta Kudu a wasan ƙarshe. A wannan karawar, cikin jaruman Tekken Kazumi ya riƙe, wadda ba a san ta da dogon kombo ba. Motsi, tarewa da ramuwa a kan kari suka yi masa aiki.

Abin da ke damuna shi ne tsarin shagon kansa. Kuɗin wasa ake biya, ga layi a bayanka, babu mai sayen rabin awa don ya koyi ja da baya shi kaɗai. Saboda haka yaro ya fi shekara yana danna abu ɗaya, randa ya haɗu da mai tarewa sai ya ce na'urar hannunsa ce ta lalace.