Takardar da ke Jikin Bango: Nazari a kan Sanarwar Iyali ta 'Yan Momon

Yaran Madekali da Malanbil da suke sauka Kotonu karatu ko neman kuɗi sukan komo da labarin waɗansu samari masu yawo biyu-biyu, da fararen riguna, sunansu a manne a ƙirji. 'Yan mishan ne na ikkilisiyar da ake kira Momon, ko da yake tun 2018 shugabanninta sun ce a daina wannan suna, a kira ta Ikkilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Sun buɗe ofishin mishan a Kotonu a 2011. Wanda ya bi su har gidan ɗaya daga cikin mabiyansu, sau da yawa yakan tarar da wata takarda a jikin bango, cikin gilashi, kusa da hoton aure. Shafi ɗaya ce tak. Sanarwa ce ga duniya a kan iyali, wadda shugabansu Gordon B. Hinckley ya karanta a babban taron matansu a birnin Salt Lake, jihar Yuta ta Amurka, ran 23 ga Satumba 1995. Tun da takardar ta fara hawo hanyar Paraku da Kandi cikin jakar ɗalibai, ya kamata a karanta ta a tsanake, a auna ta.

Abin da ta ƙunsa ba shi da wuyar faɗi. Ta ce aure tsakanin namiji da mace shirin Allah ne. Ta ce 'ya'ya gādo ne daga Ubangiji, ta kawo Zabura 127 shaida, ta kuma ce iyaye za su amsa a gaban Allah game da renonsu. Uba ne zai shugabanci gida cikin ƙauna, ya ciyar, ya tsare; reno kuwa nauyin uwa ne da fari; amma su taimaki juna kamar abokan aiki da ba wanda ya fi wani. Ta gargaɗi mazinata da masu cin zalin mata ko yara. Harshenta a daddale yake kamar na takardar alƙali, ba labari, ba misali ko ɗaya. Wannan ba abin mamaki ba ne, gama an rubuta ta a shekarun da ake ta shari'a a jihar Hawayi a kan ko jinsi ɗaya za su iya auren juna.

Da a bango kaɗai ta tsaya, da ba a ɓata tawada a kanta ba. Ƙarfinta shi ne ana bin ta da aiki, a nan kuwa tilas a yaba. A gidan ɗan Momon mai riƙe da addininsa, iyali duka sukan durƙusa su yi addu'a safe da dare, yau uba, gobe uwa, jibi yaron da bai gama iya magana ba. Daren Litinin kuma na gida ne. Shugabansu Joseph F. Smith ya fara wannan kira a 1915, a 1970 aka keɓe masa Litinin, aka hana sa wani taron ikkilisiya a wannan dare. Sai a taru, wani yaro ya zaɓi waƙa, wani ya buɗe da addu'a, a yi ɗan darasi gwargwadon hankalin ƙarami, a yi wasa, a ci ɗan abin marmari. Ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma duk wanda ya taɓa zama da 'yan shekara uku ya san ba kullum yake tafiya lami lafiya ba: wannan na kuka, wancan ya ɓuya ƙarƙashin kujera. Amma mako na zagayowa a sake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ran Lahadi yaro yana da ajinsa tun yana wata 18. Ƙungiyar yaransu ta samo asali tun 1878, daga wata mata mai suna Aurelia Spencer Rogers wadda ƙiriniyar yaran garinsu ta dame ta. Ba sa yi wa jarirai baftisma. Uba ne yakan ɗauki jaririn a gaban jama'a, ya raɗa masa suna, ya sa masa albarka. In yaro ya cika shekara 8, sau da yawa uban ne da kansa zai shiga ruwa ya nutsar da shi. Lahadin farko na kowane wata sukan yi azumi, su bar abinci sau biyu, su ba da kuɗinsa domin matalauta. Ba giya, ba taba, ba kofi, ba shayi. (Wannan na ƙarshe zai yi wa mutumin bakin kogi wuya, inda hira ba ta daɗi sai buta tana kan gawayi.) A 2019 ma sun rage sujadar Lahadi daga awa uku zuwa biyu, domin a mai da nauyin koyarwa cikin gida.

An taɓa gwada wannan gini a nan Afirka ta Yamma. Ran 14 ga Yuni 1989 gwamnatin Rawlings ta Gana ta hana su aiki, ta kori 'yan mishan na waje, ta rufe ɗakunan sujadarsu. Har ƙarshen Nuwamba 1990, kusan shekara ɗaya da rabi, ba taro. Sai kowane uba ya zama mai jan sujada a ɗakinsa, matarsa da 'ya'yansa su ne jama'a. Da aka buɗe ƙofa, ikkilisiyar tana nan da ranta. Kiristocin Madekali, waɗanda 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, sun san abin da ake nufi da ɗakin sujada mai nisa da mai wa'azi da ba ya zuwa kowane mako. Da za a rufe nasu wata 18, gidaje nawa ne uba zai iya buɗe Littafi Mai Tsarki ya bi da iyalinsa? Da yawa sun bar aikin ga malamin Makarantar Lahadi da Zumuntar Mata, alhali kuwa umarnin koya wa yara a zaune da a tafe yana nan cikin Maimaitawar Shari'a sura 6 tun kafin a san da wata ƙasa Amurka. Yaron maƙwabci ma yana bin ubansa masallaci tun asuba.

To, amma gidan da takardar ta zana ba irin na bakin Kwara ba ne. Gida ne na mutum biyu da 'ya'yan cikinsu, ƙofa a rufe. Dangi gaba ɗaya jimla guda suka samu, wai su taimaka in bukata ta taso. A Madekali kuwa dangi ba masu jiran a kira su ba ne, su ne gidan. Kaka ce take goyon yaro sa'ad da uwa take fadamar shinkafa. Gwaggo ce take karɓar wanda aka yaye. Kawu ne yake biyan kuɗin makaranta. Ɗan riƙo, wanda kusan kowane gida yana da shi, ba shi da wurin zama a cikin takardar. Wanda ya karanta masa ita zai sa ya ji kamar shi ne gurbin da aka kasa cikewa. Haka kuma rabon aikin nan, uba ya nemo, uwa ta yi reno. A je kasuwar Malanbil a duba su wane ne suke zaune bayan tulin albasa da buhunan gari. Tun da aka rufe gadar Gaya a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aikin lodi da na mota ya ja baya, a gidaje da yawa tiren uwa ne ya riƙe tukunya. Gaskiya takardar ta ce mutuwa ko naƙasa ko wani hali na iya sa a sassauta. Sai dai abin da ta ɗauka larura ce ta wani lokaci, shi ne zaman yau da kullum a nan.

Wataƙila da an tambayi mata da ba haka ta fito ba. Maza 15 ne suka fitar da ita. Chieko Okazaki, ɗaya daga shugabannin ƙungiyar matansu a lokacin, ta faɗa daga baya cewa ba a shawarce su ba, ko da yake a taronsu aka karanta ta.

Akwai kuma abin da takardar ta yi shiru a kai, shirun kuwa yana da nauyi. Ba ta ce uffan a kan auren mace fiye da ɗaya ba. Wanda ya karanta zai zaci ikkilisiyar ba ta taɓa sanin kishiya ba. Alhali Joseph Smith, wanda ya kafa ta a 1830, da magajinsa Brigham Young, sun auri mata da yawa, suka koyar da cewa umarnin Allah ne, har sai da Wilford Woodruff ya tsayar da abin a 1890 bayan gwamnatin Amurka ta matsa musu lamba. Yau suna korar duk wanda ya ƙara aure, ba sa kuma yi wa mai mata biyu baftisma. Ba laifi ba ne mutum ya bar hanyar da ya ga ba ta ɓulle ba. Amma wannan ita ce tambayar da ta fi ci wa ikkilisiyoyin arewacin Benin tuwo a ƙwarya: ga dattijo ya ba da gaskiya, ga matansa biyu, ga 'ya'ya a kowane ɗaki, wa za a sallama? Waɗanda kakanninsu suka sha wannan ɗaci su ne ya kamata su fi kowa abin faɗi, sai ga shi sun wuce kamar ba su gani ba. Kan sadaki kuwa sun yi magana a fili: Russell M. Nelson ya soki al'adar a Nairobi a 2018. Iyayen da suke tsawwala wa samari har su kai shekara 35 ba aure, ya kamata su ji wannan ko daga bakin wane ne.

Inda mai karatu zai fi buɗe ido shi ne sakin layi na biyu da na uku, waɗanda ido yakan tsallake domin kalmominsu sun yi kama da na gida. A nan ne aka ce kowane mutum ɗan ruhu ne na iyaye na sama. Iyaye, ba Uba kaɗai ba. Koyarwarsu ita ce Allah Uba yana da jiki na nama da ƙashi, akwai kuma Uwa a sama, mutane sun rayu a can a matsayin ruhohi kafin a haife su, waɗanda suka cika sharuɗɗa kuma za su zama kamar yadda Allah yake. Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a wurinsu uku ne dabam-dabam, nufinsu ne ɗaya. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne kamar na yayyafa ruwa ko nutsarwa. Shi ya sa Ikkilisiyar Katolika ta yanke a 2001 cewa baftismarsu ba karɓaɓɓiya ba ce, su ma kuwa sukan sake yi wa duk Kiristan da ya shiga cikinsu. Yaron da yake durƙuso safe da dare a gidan nan mai kyaun tsari, wannan ce koyarwar da yake sha tare da kununsa. Takardar ba ta ɓoye ba, amma ba ta kuma bayyana ba; ta ajiye babban abu cikin kalmomi uku ta wuce.

Sai alkawarin da ya fi jan zuciya. Kowace damina zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki yara a ƙauyukan bakin kogi. 'Yan Momon suna koyar da cewa yaron da ya mutu kafin shekara 8 ya tsira, ba shakka, ba sharaɗi. Uwar da ta binne ɗanta ba za ta ji wannan ta ƙi saurare ba, kuma ba wanda zai ga laifinta. Daga nan sai a ce mata iyali na iya zama tare har abada, muddin an hatimce su a haikali. Haikalin nan ba ɗakin sujada na unguwa ba ne. Na Akara an keɓe shi a 2004, na Aba a 2005. Daga Malanbil zuwa Kotonu kaɗai ya fi kilomita 700, sa'an nan a ratsa Togo. Ba a kuma shiga sai da takardar izini, wadda ake bayarwa bayan an tambayi mutum, cikin sauran tambayoyi, ko yana ba da ushirinsa cikakke. Watau zumuncin uwa da ɗanta a lahira an rataye shi a kan kuɗin mota da sa hannun shugaba. Bishara ba ta sa wa ɓarawon da ke kan gicciye irin wannan sharaɗi ba.

Tilas kuma a tuna wa aka hana shiga. Tun zamanin Brigham Young har watan Yuni 1978, baƙar fata ɗan asalin Afirka ba ya samun matsayin firist a cikinsu, ba a kuma hatimce iyalinsa. Anthony Obinna, malamin makaranta a ƙasar Ibo, ya yi shekaru yana rubuta musu wasiƙa yana roƙo, sai a Nuwamba 1978 aka yi masa baftisma. A 2013 ikkilisiyar ta fito ta yi watsi da dalilan da aka riƙa bayarwa, irin su cewa baƙar fata alamar la'ana ce. Ta kyauta. Amma takardar da ta ce wannan shiri madawwami ne, an rubuta ta shekara 17 kacal bayan an buɗe wa iyalin Afirka ƙofa.

Hatimin kansa ma yana da ƙulli. Namijin da matarsa ta rasu yana iya sake aure a hatimce shi da ta biyu, ta farin kuma tana nan a matsayinta, ya zama yana da biyu a lahira. Macen da mijinta ya rasu kuwa, muddin tana da rai, ba a hatimce ta da miji na biyu sai an warware na farin. To, gwauruwar Madekali da ƙanen mijinta ya aura, ta haifa wa wancan uku, ta haifa wa wannan huɗu, da wa za ta tashi, 'ya'yan kuma na wane ɗaki ne? Kusan wannan tambaya ce Sadukiyawa suka kawo wa Yesu a Matiyu sura 22, da labarin macen da 'yan'uwa bakwai suka aura bi da bi. Ya amsa musu cewa a tashin matattu ba a aure, ba a aurarwa. Malaman Momon sukan ce nufinsa ba a ɗaura sabon aure a can, wanda aka hatimce a nan kuwa yana nan daram. Amma matar da ke cikin tambayar a nan duniya aka ɗaura nata, har sau bakwai, Yesu kuwa bai ba da ita ga ko ɗaya daga cikinsu ba.