Minti Biyu a Ɗakin Olga

Har yau akwai masu cewa gajeren labari ba ya iya ɗaukar maganar cin amanar aure, wai sai littafi mai juzu'i uku, inda za a sha kuka, a tara iyaye, a yi saki, a yi kome. Ban yarda ba. Mai wannan ra'ayi ya nemi labarin da Anton Chekhov, likita kuma marubucin Rasha, ya fitar a 1892, "Poprygunya", wato mace mai tsalle-tsalle kamar fara.

Olga 'yar shekara 22 ce, mijinta Dokta Dymov yana aiki a asibiti biyu. Ita hankalinta na wajen masu zane da makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo, su take gani manyan mutane. Ta bi su yawon zane a kogin Volga, a can ta ba wani mai zane, Ryabovsky, kanta. Labarin ya taɓa gaskiya har Isaac Levitan, aminin Chekhov, ya hango kansa a ciki, ya yi kusan shekara uku yana gaba da shi.

Abin da ya ɗaure ni da labarin nan shi ne, daga farkonsa har ƙarshe miji da mata ba su taɓa buɗe baki a kan laifin ba. Da Dymov ya fara gane abin da ake ciki, shi ne ya kasa haɗa ido da ita, kamar shi ya yi ɓarnar. Sai ya riƙa jawo abokin aikinsa Korostelev cin abinci, don kada tebur ya rage daga shi sai ita.

Sannan daren nan. Tana gaban madubi tana shirin zuwa gidan wasan kwaikwayo, ya shigo cikin kayan fita, fuska cike da annuri kamar a da. Ya zauna ya gaya mata ya kare kundin bincikensa, kuma mai yiwuwa a ba shi koyarwa a jami'a. A nan ne mai ba da labari ya sanar da mu cewa da ta taya shi murna, da ya yafe mata komai, na yanzu da na gaba. Ita kuwa ba ta fahimci kalmomin likitancin ba, ga tsoron makara, sai ta yi shiru. Ya yi minti biyu a zaune, ya yi murmushin mai jin kunya, ya fita. Duba fa, mutumin bai zo neman ta durƙusa ba. Ya kawo yafiyarsa a naɗe cikin albishir, don ya sauƙaƙe mata karɓa, ta bar shi ya koma da kayansa ba tare da ta san me ya kawo ba.

Na ji masu kiran Dymov mijin-ta-ce, marar kishi. Wannan karatun gaggawa ne. Marar kishi ba ya sunkuyar da kai a gidansa.

Ni a ganina Chekhov ya raba abu biyu da marubutanmu suka saba cakuɗawa, haƙuri da yafiya. Haƙuri mutum ɗaya ke yinsa, kuma Dymov ya yi wata da watanni yana yi. Yafiya sai da mai karɓa, kuma tana da sa'arta. Saboda haka nake cewa gajeren labari ne gidanta, domin shi ya iya tsayawa a kan minti biyu. Tun da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata a 2016 mata masu rubuta gajeren labari suka ƙaru, amma ina yawan ganin ana rufe labarin aure da taron dattawa da nasiha, a faɗi yafiyar da baki. Na fi son a nuna mini ita a hannun da ke miƙa kofi, ko a hannun da ya fasa miƙawa.

A ƙarshen labarin, Dymov ya zuƙe majinar mashaƙo daga maƙogwaron wani yaro da bututu, cutar ta kama shi. Sai a bakin Korostelev, yana kuka, Olga ta ji irin mijin da take aure. Ta ruga ta riƙe kafaɗarsa tana girgizawa tana kiran sunansa, ƙirjinsa da ɗumi, goshinsa ya riga ya yi sanyi.