Sharhi: Wa Ke Biyan Kuɗin Sharholiya?

Littafin da muka ɗora a faifai a wannan fitowa shi ne Paying for the Party, wanda Elizabeth Armstrong, masaniyar halayyar zaman jama'a a Jami'ar Mishigan ta Amurka, ta rubuta tare da Laura Hamilton. Ya fito a 2013.

A 2004 suka kama ɗaki a masaukin ɗalibai na wata jami'ar gwamnati, a hawan da 'yan mata 53 ke zaune, suka bi diddigin yawancinsu har shekara biyar. Sun gano cewa jami'ar da kanta ta share wa 'ya'yan masu hali hanyar sharholiya: darussa masu sauƙi, ga liyafa da samari kowane mako. 'Yar mai kuɗi ko ta yi wasa da karatu, iyayenta za su samo mata aiki. 'Yar talakan da ta biye mata kuwa sai ta fita da bashi da takardar da ba ta ciyar da ita.

Inda muke da ja shi ne, 'yan matan duk farar fata ne, kuma ba mu ji ta bakin samarin ba, alhali da su ake rawar.

Duk da haka akwai darasi ga masu rubuta mana soyayyar jami'a. Waɗannan mata sun zauna, sun gani, sannan suka ɗauki alƙalami. Kafin marubuci ya hau da jarumarsa motar saurayi, ya fara sanin wa ke biya mata kuɗin makaranta.